Hannun Hagu a Cikin Sifirin

Birkin bai ba Bahago wahala ba. Tun da hantsi ya cire ƙananan faya-fayan da motar ta zo da su, ya sa manya masu huji-huji, ya ɗaura sababbin takalman birki, ya fitar da iska daga bututun mai har feda ta yi tauri. Motar yayansa ce, mai kwanciya ƙasa-ƙasa, irin wadda in an taka ta sai bayan mutum ya manne da kujera. Yaya ya ce gudunta ya fi tsayuwarta, kuma tana rawa a kwana. Shi ya sa ya sayo kaya, ya bar masa ita a rumfar bayan gida, ya tafi aiki.

Saura sifirin na gaba, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu ɗaukar nauyin mota. Sababbin gajeru ne, masu kauri, ja jawur, fentinsu na sheƙi kamar an lashe. Kafin sifirin ya zauna a kan shokazoba, sandar da ke rage wa mota girgiza, sai an matse shi, kuma abin matsewar Bahago dogayen ƙarafa ne masu zare, kowanne da ƙugiya sama da ƙasa. Ana kafa ɗaya a kowane gefe, a ɗaure wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan. Ƙugiyoyin nan tunda suke ba su taɓa riƙe komai ba sai tsohon sifirin mai tsatsa, wanda ƙarfe ke cizo ya zauna. Bahago bai tuna da haka ba. Ya ajiye sifana ya ɗauko na'urar ɗaure noti mai batir, don ya ƙagu ya sauke motar ya ji ta a titi.

Yana durƙushe, gwiwarsa a kan shokazoba, ya danna. Ƙarfen dama ya sulale a kan fentin, ya zagayo ya haɗu da ɗan'uwansa a gefe guda. Hannunsa na hagu ya kai kafin hankalinsa ya kai. Sifirin ya lanƙwashe kamar baka, gefe ɗaya ya buɗe ciki, ɗaya gefen ya rufe a kan yatsunsa biyu.

Zafin bai zo nan take ba. Abin da ya fara gani shi ne ƙugiyar sama ta ƙarfen da ya zame, wadda yanzu da ɗan bakinta kawai take riƙe. In ta saki, ƙarfin da ke ɗaukar gaban mota zai fita lokaci guda, da yatsunsa a ciki. Da hannun nan yake riƙe sifana, da shi yake cin abinci duk da dukan da ya sha a kai yana ƙarami. Na daman ko maɓalli ba ya iya sawa da kyau.

Ƙugiyar ta ce ƙas.

"Mijina ƙarami, yau kuma sujada ake wa ƙarfe?"

Matar Yaya ce a bakin rumfa, da kular abinci a hannu, awon ɗinki rataye a wuyanta.

"Anti, tsaya nan. Kar ki matso."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun. Ta ajiye kular a ƙasa a hankali.

"In kira mai walda?"

"Ya tafi aikin ƙofa, shagon a rufe yake."

"Yayanka fa?"

"Kafin ya iso an gama." Muryarsa ta fito siririya, bai gane ta ba. "Ki koma cikin gida ki rufe ƙofa."

"Sai in dafa maka shayi ina jin ƙara ko? Faɗa min abin da ake yi."

Ya sani sarai. Akwai ƙarfe na uku a ƙasan akwatin kayan aiki. In aka kafa shi a gefen da ya buɗe ciki aka ɗaure, sifirin zai miƙe, bakin da ya cije shi ya saki. Amma mai ɗaurewa sai ya durƙusa daidai inda abin zai bi in ya kuɓuce. Ya so ya ce mata ba komai, aikin wasa ne. Da ta yarda, don ba ta san sifirin ba.

"In ya saki, fuskarki zai samu," ya ce. "Na taɓa ganin wanda ya huda kwanon rufi."

Sai ta cire awon daga wuyanta, ta ɗaure zaninta tamau.

"Ina akwatin?"

Ta zo da ƙarfen da sifana. Ya ce ta ɗauko ƙyalle ta goge fentin inda ƙugiya za ta zauna, don akwai giris ɗin hannunsa a kai. Ta goge kamar mai taɓa maciji yana barci. Ya ce ta jawo tsohuwar taya ta jingine tsakaninta da sifirin, ta miƙo hannu ta gefe. Tayar ta rufe mata ƙirji, kanta na waje.

"Sunkuyar da kai."

"In na sunkuyar da me zan gani? Da ƙeya?"

Yanzu zafin ya iso, yana hawa daga yatsu zuwa kafaɗa, yana bugawa tare da zuciyarsa. Gumi ya shiga idonsa, ba halin sharewa. Faratan yatsun biyu sun koma shuɗi. Gwiwarsa da ke danne shokazoba ta fara karkarwa, kuma ya san in ta goce komai zai juya.

Ta kafa ƙugiyar ƙasa. Ta sama ta ƙi kaiwa, sai da ta warware notin ta sake. Sifana ta kuɓuce mata ta daki siminti, su duka biyun suka daskare.

"Sannu-sannu," ya ce. "Rabin juyi, ki tsaya."

"Kai da ko layin famfo ba ka iya tsayawa, yau kai ke koyar da haƙuri."

Ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Da farko notin ya tafi salin-alin, daga baya ya yi nauyi, sai da ta sa hannu biyu. Sifirin ya yi wani ƙugi can ciki. Ƙugiyar nan ta sake cewa ƙas, wani ɗan ɓawon jan fenti ya faɗo a kan wandonsa. Bahago ya daina kallon hannunsa, ya koma kallon gefen fuskarta, inda ɗan kunne ke lilo. Yana so ya ce ta bari haka nan.

"Ƙara," ya ce.

Ta ƙara. Ya ji jini ya tsarga cikin yatsa ɗaya kamar allura.

"Ƙara kaɗan."

Hannun ya zame ya fito. Ya cafki kafaɗarta da na dama ya ture ta, suka zube bayan tayar. Ƙugiyar ta saki, wata ƙara ta cika rumfar. Ƙarfen da ya zame ya tashi, ya wuce ta inda kanta yake ɗazu, ya shige fitilar motar ta gaba. Gilashi ya watsu har cikin kwanon noti. Sauran ƙarafa biyun suka riƙe, sifirin na kwance yana ɗan rawa.

Sun daɗe kwance a ƙasa. Ita ta fara tashi. Ta zuba ruwan sha a murfin kula, ta kama wuyan hannunsa ta tsoma. Ruwan ya yi ja-ja.

"Motsa su in gani."

Ya ji tsoron gwadawa fiye da yadda ya ji tsoron sifirin. Manuniya ta lanƙwasu. Ta tsakiya ta tsaya ƙiƙam, a kumbure. Ya cije leɓe ya sake, sai ta ɗan rusuna, kamar mai gaisuwa ba da son rai ba.

Wayarsa ta fara ruri a kan rufin motar. Matar Yaya ta leƙa.

"Mai motar ne. Me zan ce masa?"

"Ki ce birki ya yi."

"Fitilar fa?"

Ya dubi ramin da ke gaban motar, ya dubi fuskarta, ba ko ƙwarzane.

"Ki ce ni na fasa."

"In ba kai ba wa ya fasa?" Ta ɗauko ɗankwalinta da ya faɗi ta naɗe masa hannun. "Tashi mu je asibiti. Kuma kar ka ɗiga min jini a zani."