Asalin Sunan Maigiwa

Tun tana firamare Hamdiyya Garzali Maigiwa take gaya wa ƙawayenta cewa kakanta ya kashe giwa a dajin Falgore. Da aka yi hutu sai ta je Tiga wurin Gwaggo Hindu, ƙanwar marigayin, ta tambayi yadda aka yi farautar.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Wace farauta? Yaya manomi ne. Da dam ya cinye gonakinmu, ya aro taru don kada mu kwana da yunwa. Ranar farko ya kamo giwan ruwa, kifin da sai da maza suka taru suka ɗauka."

Hamdiyya ta matso kusa. "To Gwaggo, wa ya ara masa tarun?"