Hannun Danne Cuku

A gidanmu da hannu ake danne cuku. Hannun farin dutse ne, guntule daga wuyansa, mai dogayen yatsu da zobe a ɗaya. Tun ina rarrafe nake ganinsa a kan katakon matsa cuku, tun lokacin kuma nake jin kakata, Meme Apolline, tana cewa, "Leonie, wanke hannunki kafin ki taɓa hannun sarauniya."

Labarin bai taɓa canzawa a bakinta ba. Zamanin juyin juya halin Faransa, ranar da mutanen Valcroise suka afka wa tsohon cocin 'yan zuhudu na garinmu da guduma suna farfasa kaburburan sarakuna, wata kakarmu ta can baya, Toinette mai tallan madara, ta tsinci hannun a ƙasa. Ta jefa shi cikin tulun madara, ta ratsa ta tsakiyar masu gudumar tana rera tallanta kamar ba ita ba.

Mu 'yan gida mun yarda. Gari kuwa dariya yake yi, kuma shugaban masu dariyar shi ne maƙwabcinmu Firmin mahauci. Tun suna makaranta ba ya barin Meme ta sha ruwa.

"Apolline, a gaishe min da sarauniyar cuku! Wannan fa daga gunkin lambun wani aka ɓallo shi."

"Mai gado shi ke da labari. Kai me ka gada ban da ƙudaje?"

Tana mayar masa, amma ni na san abin yana cinta. Duk ranar da suka yi haka, sai ta daɗe tana goge hannun da tsumma.

Da aka fara gyaran kaburburan, aka yi shela cewa duk mai wani guntun dutse daga cocin ya kawo. Meme ta sa rigarta ta Lahadi, ta naɗe hannun a ƙyallen tace cuku, ta sa a kwando. Na ce, "Meme, in bai dace ba fa?" Ta dube ni sheƙeƙe. "Ke ma kin koma shagon Firmin ne?" Shi kuwa Firmin har rufe shagon ya yi ya biyo mu, da rabin kasuwa a bayansa, don ganin ƙwaƙwaf.

Sarakunan, waɗanda aka sassaƙa da dutse, suna nan kwance a kan kaburburansu yadda muka saba ganinsu, mazan da zaki a ƙafafunsu, matan da kare, yawancinsu ba hanci. A gabansu aka ɗaura wa iyayena aure, a bayansu muka yi ɓuya muna yara. Can ƙurya akwai sarki da matarsa a kan kabari ɗaya. Shi hannayensa biyu duk dungu ne. Ita kuma na hagun da ke kan ƙirjinta ya tafi, na daman yana nan miƙe wajen mijin.

Madam Oriane, wadda ke jagorantar gyaran, ta karɓi hannun da ladabi. Ta kai shi ga dungun sarauniya, ta juya, ta sake juyawa. Tun daga inda nake tsaye na ga ya yi wa dungun girma.

"Madam, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. "Wannan hannun dama ne. Sarauniya na hagu ta rasa."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Abin mamaki, Firmin bai yi dariya ba, ƙasa ya kalla. Ni kam raina ya ɓaci, har na ji ina ma ni ce da guduma. Meme ta karɓi hannun. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai ran nan.

"Ba zan koma da shi gida ba," ta ce. "Leonie, ɗauki kwandon mu tafi."

Ta ɗora shi inda ya fi kusa da ita, a kan hannun daman sarauniya, ta juya. Sai muka ji ƙwas, dutse ya zauna a kan dutse. Akwai wani rami a tafin hannun namu na cuku, inda muke ɓoye alewa muna yara. Ramin nan ya haɗiye yatsun sarauniya daidai wa daida, guntulallen gefen kuma ya fuskanci dungun sarki.

"Kada kowa ya taɓa!" in ji Madam Oriane. Ta durƙusa ta leƙa ta ƙasa, ta bi karayar da ɗan yatsa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta dubi Meme. "Na sarki ne. Riƙe yake da hannun matarsa."

Firmin ya cire hula, amma hali zanen dutse.

"To ai na faɗa, Apolline. Ba na sarauniya ba ne."

Meme ta gyara wuyan rigarta, ta miƙe tsaf. "Ka yi gaskiya, Firmin, sau ɗaya a rayuwarka. Sarki ne. Yanzu nuna min wani gida a Faransa kaf da sarki ya yi wa aikin cuku sama da shekara ɗari biyu, bai taɓa fashi ba."

Aka fashe da dariya, amma wannan karon tare da ita ake yi. Ni kuwa hawaye nake ina dariya, kaina ya kumbura, ina ji kamar in tsaya a bakin ƙofa in gaya wa duk mai wucewa cewa jinin Toinette ce ni.

Madam Oriane ta sunkuya ta shinshina hannun, ta ɗan yamutsa fuska. "Sai mun wanke shi sosai kafin mu manne. Yana ɗan..."

"Yana ƙamshi," Meme ta katse ta. Ta matsa kusa, ta shafa dogayen yatsun nan kamar yadda take yi kowace safiya, ta daɗe hannunta a kansu. "Kar ki wanke da yawa, 'yata. Bar masa kaɗan, matarsa ta san aiki ya je, ba yawo ba."