Goran Kalilu Ya Wuce Gida

Kwana uku Malam Kunle ya ba Nazifa. Shi ke horar da 'yan wasan kwaikwayo a wani zaure a Badariya, haifaffen Nasarawa ne, Hausa a bakinsa kamar ya gada. Ya ce in Asabar ta zo ba ta gane Umma, jarumar wasan da take fitowa a matsayinta, ba, Sharifa ce za ta fito a madadinta.

Wasan tsoho ne, tun kafin a haifi uwar Nazifa. Umma 'yar manoma ce, Kalilu ɗan masunta, iyayensu ba sa ga maciji saboda wani tabki. A ƙarshe Kalilu ya shiga gulbi bai fito ba, sai goran da yake hawa ya taho shi kaɗai. Umma ta dubi goran ta ce, "Ina za ka? Ka wuce gida." Ta shiga ruwa, shi ke nan.

Nazifa da kururuwa take yin wurin, har da yaga mayafi. A ganinta yarinyar zaucewa ta yi ta halaka kanta, kuma haushinta take ji. Wanda kake jin haushinsa kuwa, rigarsa ba ta shigarka.

Ran Juma'a ta hau mota zuwa Argungu wurin kakanta Labbo, tsohon masunci. Ta iske shi yana ɗinkin homa, ragarsa ta kamun kifi, ta zayyana masa komai.

"Amarya, wanga ɗan kuka ad da ke har kika baro birni? Ni na aza kewata kika yi."

"Wa zai yi kewar tsoho mai ƙarnin tarwaɗa?"

"Ƙarnin nan shi yab biya sadakin kakarki. Tashi mu tai gulbi."

La'asar ta yi sanyi. Ya ɗora ta rub da ciki kan wani ƙaton gora, ya ɗan tura ta inda ruwa bai da zurfi. Da farko ta ƙanƙame, sai kuma jikinta ya saki. Gajimare na tafiya a ƙarƙashinta, balbelu na ratsa ruwan kamar ana yayyafa auduga, shinkafar fadama ta koma hayaƙi kore. Ta rasa ita ke tafiya ko gaɓar ce. Can ta ji kamar akwai wata tsaye a bakin ruwa da tulu, tana jiran wani.

Sai ga wani gora ya taho daga sama, ba kowa a kansa, yana juyi a hankali. Kafin ta buɗe baki Labbo ya faɗa ruwa da rigarsa da hularsa, ya cafke shi, ya riƙe cak. Jim kaɗan wani mutum ya ɓullo yana haki, da kifi a homarsa, ya laluba ya rungume goran.

"Allah shi saka, Baba!"

Labbo ya fito yana matse riga. "Kin gani? Mai nutso in ya taso, numfashi ya ƙare, gora yaka nema. Duk wanda yag ga gora shi kaɗai, tare shi akai. Wanda yab bari ya wuce, to ya yi ma mai shi ta'aziyya ke nan."

Ruwa na lasar yatsun Nazifa. Ashe Umma ba mutuwa ta tafi yi ba. Ba ta iya iyo ba, amma ta koyi wannan guda a bakin Kalilu. Ta shiga ne ta riƙe masa, don in ya taso ya samu.

Ran Asabar aka tura ƙwarya a kan siminti a madadin gora. Nazifa ba ta yi ihu ba. Ta ɗaure zane, ta dubi ƙwaryar kamar akuyar da ta saba ɓata hanya, har da ɗan murmushi.

"Ina za ka? Ka wuce gida."

Ta bi ta a hankali, hannu a miƙe, idonta na can kan ruwa inda zai ɓullo.

Sharifa ta rufe takardarta, ta goge ido da bakin hijabi. Malam Kunle ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya yi gyaran murya.

"Umma, koma ki sake. Ku kuma a nemo mana gora na gaske."