Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Shekara talatin da uku Baba Na'ibi ya yi a wani ofishin hukuma a unguwar Bagdadiyya, yana kai shayi, yana ɗauko fayil. Bai taɓa zama a aji ba, amma mudirai bakwai, wato shugabannin ofishin, ya gani, kuma duk shi ya raka su bakin ƙofa da kwalayensu. Ranar da aka ɗauke shi aiki da tawada ya dangwala yatsa, masu biro suna ta dariya.

Sai ga na takwas, Ustaz Othman, da digiri biyu, ba ya buɗe baki sai ya ce gyara. Ya kafe na'urar ɗaukar zanen yatsa a bango: kowa ya dangwala safe da tashi, wanda ya yi fashin kwana goma sha biyar, halas, shi ke nan, a sallame shi.

"Madalla," in ji Na'ibi. "Yau masu digiri sun iso inda na fara."

Amma na'urar ta ƙi shi. Zafin kofi da takarda sun cinye zanen yatsunsa sumul. Ya hura, ya goga a riga, ya shafa man zaitun, sai jar wuta. Abdulghani akawu kuwa yakan dangwala ƙarfe bakwai ya wuce bakin teku a Abhur kamun kifi, ya dawo yana ƙarni. Hotonsa aka manna: gwarzon wata.

A kwana na goma sha biyu Othman ya kira shi, yana ce masa baffa da Larabci. "Ya ammi, na'ura ta ce ba ka zuwa."

"Ranka ya daɗe, shayin da ke hannunka aljani ne ya kawo?"

"Ni doka nake bi. Saura kwana uku."

Washegari Na'ibi ya shimfiɗa darduma a ƙarƙashin na'urar, ya zauna da carbi. Aka nemi shayi, ya ce ba ya nan. Baƙi suka iso daga Riyad suna jiran fayil ɗin filayen Khumra. Ɗakin ajiya kuwa shi ya jera shi, ba da lamba ba, da launin zaren da ya ɗaure kowane fayil. Akawu huɗu suka shiga, suka fito hannu wofi da yanar gizo-gizo a gemu.

"Yalla, ya ammi, don Allah!" in ji Othman.

"Tambayi bango, ɗana. Wanda bai zo ba, ina zai ga fayil?"

Kafin azahar mudir da kansa ya kawo littafi da tawada. Na'ibi ya dangwala baƙin dunƙule marar zane, sau goma sha uku, mai digiri biyu yana sa hannu a gefe. Sannan ya naɗe darduma a hankali.

"Jan zare, ƙulli biyu, bayan tsohuwar fanka. A aiki gwarzon wata ya ɗauko."