Ragon Godiya

Shekara ashirin da shida Badaru ya yi yana duba tumaki a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Idan jirgin Sudan ya tsaya aka saki dabbobi suna gangarowa, shi ke tsayawa a bakin shinge da sanda da gwangwanin jan fenti. Ba ya taɓa rago sai ya ga tafiyarsa tukuna. Dabbar da ta sha wuya a jirgi takan ɓoye ciwonta cikin garke, amma ba ta iya ɓoye shi a wurin juyawa, don nan ne take jingina nauyi a ƙafa ɗaya ta tausaya wa ɗayar. Wanda ya ga ya yi haka sai ya ɗiga masa ja a gadon baya, a ware shi. Abokan aikinsa sukan ce likitan dabbobi hannu kawai yake sa wa a takarda, Badaru ya riga ya gama aikin.

Abin da idon nan ya kasa gano masa shi ne hanyar da ɗansa zai sami iƙama, takardar izinin zama a ƙasar.

Muntaka a unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife shi, shekararsa ashirin da uku. Da ya cika sha takwas sunansa ya fita daga takardar uban, kafilin Badaru kuwa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda, ya ce ba shi da gurbin wani. Tun daga nan yaron ya koma bin lungu. Ba ya hawa babban titi, ba ya zuwa asibiti, in an ce motocin masu duba takardu sun shigo unguwa sai ya haura rufin ɗaki ya kwanta a bayan tankin ruwa. Badaru ya san abin da zai biyo baya ranar da aka kama shi: jirgi za a sa shi zuwa Kano, daga can ya nemi Gumel, garin da bai sani ba sai a bakin uwarsa Fatu. Hausar ma jin ta yake yi fiye da yadda yake faɗa. In ya fara magana, kafin ya kai ƙarshe ya zame cikin Larabci.

Yana aiki a shagon intanet na wani Bayamane a bakin unguwa. Nan ya haɗu da Abdulghaffar, wani Basa'ude mai kamfanin na'urorin sanyaya ɗaki, wanda ya kawo kwamfutarsa gyara ya tarar da yaron yana kallon ƙwallon kwando ta Amurka yana rubutu a littafi. Abdulghaffar ya yi karatu a can. Shi da abokansa goma sha ɗaya suna da wata gasa da suke kira fantasi. Kowa ya zaɓi 'yan wasa daga ƙungiyoyin gaske ya haɗa tasa ƙungiyar, wadda ba ta da fili ko'ina sai cikin kwamfuta. Abin da 'yan wasanka suka yi a filin gaske, shi ake rubuta maka maki. Shekara uku Abdulghaffar yana ƙarewa a gindi, abokai suna yi masa ba'a. Sai ya ba Muntaka lambar sirrinsa ya ce ya riƙa zaɓa masa, shi kuma zai ɗauki kafalarsa a kamfani ya sama masa iƙama bayan aikin hajji.

Da farko Badaru ya tsorata, ya ɗauka caca ce. Muntaka ya rantse ba a sa ko sisi; wani kofi ne na tasa da ake ajiyewa a gidan wanda ya ci, sai kuma baki da mutum zai yi wa 'yan'uwansa har shekara ta zagayo. Ya buɗe wa uban littattafansa. Ba ya duba yawan ƙwallon da mutum ya jefa kaɗai. Yana rubuta minti nawa ake barinsa a fili, shekarunsa, yadda yake idan an buga wasa kwana biyu a jere, da wanda ke zaune a benci yana jiran ya faɗi. Badaru ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ce ashe dai dillancin raguna ne aka sa masa riga. Muntaka ya yi dariya, ya ce, "Aiwa, ya Baba. Sai dai nawa ba sa wari."

Wata Juma'a bayan sallar asuba, a tsakiyar saukar ragunan layya, Badaru ya biya ta shagon. Lokacin ne wasannin Amurka suke ƙarewa. Muntaka ya nuna masa wani dogo mai lamba goma sha ɗaya, ya ce shi ne jarin ƙungiyarsu, jiya ma maki talatin ya ci. Badaru ya tsaya a bayan kujera yana kallo, bai san dokar wasan ba, bai kuma damu da inda ƙwallo take ba. Can ya ce a mayar da hoton baya. Aka mayar. Ya ce a sake.

"Wannan da rago ne, da na ɗiga masa ja," in ji shi. "Dubi juyawarsa. Kullum ta dama yake juyawa. Gwiwar hagu yake lallaɓawa."

Muntaka ya ce jaridun can ba su faɗi komai ba. Uban ya ce rago ma ba ya faɗa. Da ya tafi, yaron ya koma littafinsa ya ga lallai wasa huɗu a jere ana cire dogon da wuri a ƙarshen wasa. A ranar ya shawo kan Abdulghaffar suka ba da shi ga wani abokin gasar mai suna Saleh, suka karɓi 'yan wasa biyu da ba su kai shi suna ba. Saleh ya yi ta murna yana cewa ya sami banza. Bayan sati uku gwiwar ta tashi aiki a tsakiyar fili, aka fitar da dogon a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ba zai sake wasa ba sai baɗi. Ƙungiyar Abdulghaffar ta hau kan gaba, ta zauna.

Amma hajji ya wuce, takarda ba ta fito ba. Abdulghaffar ya karɓi hotunan Muntaka da takardar haihuwarsa a ambulan, ya ce bayan sabuwar shekara. Sabuwar shekara ta shigo, ya ce a bari gasa ta ƙare. A watan nan aka yi kame a Karantina sau biyu, aka tafi da ɗan maƙwabcinsu da bokitin ruwa a hannu. Badaru ya daina cin abinci sosai. A bakin shinge sai ya tsinci kansa rago ya wuce shi bai gani ba.

Ya tuna yadda ake yi a gida. A Gumel, idan mai hali ya yi maka alkawari ya fara jan ƙafa, ba ka tuna masa, wannan rashin kunya ne. Sai ka sa rigarka mai kyau ka same shi a cikin jama'arsa, ka gode masa kamar ya riga ya cika. Daga nan kunyar idon mutane ta ɗaure shi. Haka mahaifinsa ya sami gona, yana yaro ya gani da idonsa. Ya gaya wa Fatu haka zai yi wa Abdulghaffar. Ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa.

"Malam, nan ba Gumel ba ne. Ka tambayi yaron nan tukuna."

Ya ce in ya tambaye shi zai hana, yaran yanzu ba su san yadda ake bi da manya ba. Ta ce yaron dai ya san mutumin, su ba su san shi ba.

Ya zaɓi rago da kansa, farin Sawakini irin na Sudan mai ja a wuya, wanda ya bi tafiyarsa tun daga bakin jirgi har shinge bai ga aibu ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗora shi a bayan motar wani abokin aiki suka nufi arewacin gari, inda ya ji Muntaka ya ce 'yan gasar suna haɗuwa cin abincin rana a gidan Abdulghaffar. Mai gadi ya karɓi igiyar ragon, ya shigar da shi.

Su goma sha biyu ne zaune kewaye da faranti, ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Abdulghaffar bai gane shi ba sai da ya ce shi ne mahaifin Muntaka. Fuskarsa ta canza, ya miƙe da sauri ya ce bismilla ya hajji, su fita waje su yi magana. Badaru ya ɗauka tawali'u ne irin na mutanen kirki da ba sa son a yabe su. Ya durƙusa inda yake, ya fara da Larabcinsa na tashar jirgi. Ya gode wa Allah, ya gode wa mai gida da ya ɗauki yaron da ba shi da iƙama ya riƙe shi kamar ƙane, ya damƙa masa amanar zaɓen 'yan wasansa gaba ɗaya, ya kuma yi alkawarin ɗaukar kafalarsa. Ya ce yana so waɗannan manyan mutane su zama shaida a kan alherin.

Ba wanda ya ce amin. Wani mai siririn gemu ya tsame hannu daga shinkafa ya tambaye shi a hankali, wane zaɓe. Badaru ya ga an ba shi dama, ya kuma ji daɗi. Ya ba su labarin littattafan Muntaka, ya ba su labarin dogon mai lamba goma sha ɗaya, da yadda shi da kansa ya gane gwiwar, don aikinsa ke nan a kan tumaki shekara ashirin da shida.

Mai siririn gemun, ashe shi ne Saleh. Ya juya ya dubi mai gida.

"Kai da ka ce mana kwana uku ka yi kana nazarinsa, ya duktur? Ashe mai duba tumaki ne ya sayar mini da gurgu."

Dariya ta ɓarke. Wani ya yi kukan rago, wani ya ce a kawo kofin a kai tashar jirgi. Badaru ya yi murmushi tare da su, don bai gane ba tukuna. Saleh ya tambaye shi a wane shago yaron yake aiki ba takarda, ya kwatanta masa har da launin ƙofa. Sai da ya ɗaga kai ya ga Abdulghaffar yana tsaye ba ya dariya, kunnuwansa sun yi ja, sannan ya gane ɓarnar da ya yi. Mai gida ya raka shi ƙofa da kansa. "Halas, shi ke nan, ya hajji. Ma'assalama." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da safiyar Asabar Muntaka ya sa lambar sirri, kwamfuta ta ƙi. Ya kira, ba a ɗauka ba. Kafin azahar direban Abdulghaffar ya tsaya a bakin lungu, ya sauke ragon, ya miƙa wa Fatu ambulan ɗin hotuna, ya juya. Da la'asar Bayamanen ya gaya wa Muntaka cewa wani ya bugo masa waya yana tambayar ma'aikatansa. Shi ma baƙo ne a ƙasar, yana da iyali, kada ya sake zuwa.

Badaru ya faɗa masa komai da bakinsa, a tsakar gida, ragon yana ɗaure a jikin famfo yana cin kwali. Ya jira faɗa. Muntaka ya saurara har ƙarshe, yana juya ambulan ɗin a hannu.

"Wata biyu ya rage, ya Baba. In gasa ta ƙare, halas."

"Da zai cika alkawarin?"

"Ban sani ba. Yanzu ba wanda zai sani."

Muntaka ya shiga ɗaki. Kwana goma bai fita ko lungu ba, don ba a san wanda Saleh ya gaya wa ba. Badaru ya koma gidan Abdulghaffar sau biyu, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali motarsa tana ciki. Ya je wurin nasa kafilin, aka ba shi shayi aka ce Allah ya kawo mafita. A rana ta goma sha ɗaya Muntaka ya fito ya ce ya gaji da bayan tanki. Zai je ƙarƙashin gadar Kandara inda marasa takarda suke taruwa suna jiran a kwashe su a mayar da su ƙasashensu. Gara ya je da ƙafarsa da a ɗauke shi da bokiti a hannu.

Fatu ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ce a yanka ragon. Badaru ne ya yanka, ya feɗe, bai sami ko tabo a hantarsa ba. Ta soya naman ya bushe ƙarau yadda zai yi kwanaki, ta ɗura a gwangwanayen madara uku. Ta rubuta masa sunan yayanta a Gumel da sunan unguwa, ta sa shi ya maimaita gaisuwar da zai yi in ya isa, sau uku, tana gyara masa inda Larabci ya shiga.

Da hantsi suka fita. A karon farko cikin shekara biyar Muntaka ya bi babban titi. Ya bar littattafansa a ƙarƙashin katifa, ban da guda ɗaya da ya cusa a aljihun jaka. Ƙarƙashin gadar cike yake da mutane a kan kwalaye, mata da jarirai, tsofaffi da buhunan kaya. Suna ɗan nesa kaɗan Muntaka ya karɓi jakar daga hannun uban, ya ce ya tsaya nan, kada a haɗa da shi a tambayi abin da ya kawo shi.

Badaru ya tsaya. Yana kallon bayansa yana ratsa motoci, ya kauce wa wata tasi, ya juya ta hagu, ya sake juyawa ta dama. Tafiyarsa daidai take, ƙafa biyu suna ɗaukar nauyi ɗaya. Ya bi shi da ido har ya sami gefen wani kwali kusa da ginshiƙi ya zauna, ya ɗora jakar a cinya. Badaru bai tafi aiki ba ranar. Ya tsaya a jikin wani shago har inuwa ta bar wurin, mai shagon ya fito ya tambaye shi ko wani abu yake so ya saya.