Ranar da Aku Ya Kai Kuɗin Mota

Da yaran suka watse kowa ya kama gidansa, ni da maigidana muka raba ɗakuna kamar masu rabon gado. Shi ya ɗauki na kusa da falo saboda talabijin. Ni na ɗauki ƙaramin na ƙarshen baranda, wanda tagarsa ke kallon bishiyar lemo, kuma shi kaɗai ne a gidan bangonsa ba ya shan danshi in ruwa ya sauka. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da lissafi, ina duba takardun ɗalibai a teburin cin abinci tsakanin kwanuka da gwiwar hannun yara. Shi ya sa nake kiran ɗakin nan fanshona na gaskiya.

Maigida kuwa yana da kwalaye a ƙarƙashin gado, cike da littattafan zane, irin waɗanda hotuna ke ba da labari, magana na fita daga bakin mutane cikin 'yan da'irori. Tun yana saurayi a gidan waya yake tara su. Ba wanda ya damu da su sai gizo-gizo, har ranar da mijin autarmu ya zo gaisuwa ya gan su.

"Baba, ka san kana iya kwana a kan dukiya?" in ji shi.

"Ciwon baya dai yake kwana a kai," na ce.

Ba su kula ni ba. Surukin ya sa masa wata manhaja a waya. Ka ɗauki hoton bangon littafi, ta gane shi, ta faɗi darajarsa, ta kuma zana wani koren layi da ke nuna hawa da saukar farashi. Suka wuni suna ɗaukar hoto. Yawancinsu ba su kai kuɗin kofin shayi ba. Sai guda ɗaya, fitowa ta farko ta labarin wani direban jirgin ƙasa da akunsa mai ba shi shawara. Manhajar ta ce wannan ya kai kuɗin keke.

Daga ranar maigida ya sami aikin yi. Kafin ya sha maganin hawan jini sai ya duba koren layi. Keke ya zama firiji. Firiji ya zama babur. Ya sayo leda ya sa littafin, ya sayo safar hannu irin ta likitoci. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa wa amininsa Mai Kemis.

"Ai tare kuka saya kuna samari," na ce.

"Nasa matarsa ta hura wuta da shi tuntuni, shi ya gaya mini. Ni kuma na ce masa gara ta cinye nawa. Kin san shi da aro, abin da ya shiga hannunsa ya shiga rijiya."

Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakina yana shafa bango da tafin hannu, kamar mai taya saniya.

"Malama, bangon nan a bushe yake."

"Na sani. Shi ya sa nake ciki."

"Manhaja ta ce danshi ne babban maƙiyin takarda. Dukiya irin wannan tana son ɗaki nata. Ke kuwa ai karatu ne, ko a falo kya yi."

Dariya ta kama ni, kuma dariyar ce ta ja mini. Na ce, "Ranar da akunka ya kai kuɗin mota, zo ka karɓi makulli." Kafin in rufe baki ya kira surukinmu a waya ya sa shi shaida. Baki shi ke yanka wuya.

Layin kuwa bai fasa hawa ba. Na fara kallon bishiyar lemo kamar mai ban kwana. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai, har na tare shi a kan shayi.

"Malam, wa ya taɓa sayen littafin nan a kan wannan kuɗi?"

"Kasuwa ce ta faɗa."

"Ita kasuwar 'yar gidan wa ce? Ina son in gaishe ta."

"Ke kullum sai kin yi gardama. Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya. Tana dai maimaita abin da aka gaya mata, kamar akunka. Miƙo wayar."

Na sa tabarau na gangara can ƙasa, inda ake ɓoye ƙananan rubutu don kada a karanta. Ashe manhajar tana duba masu tallar littafin a kasuwar intanet, ta haɗa kuɗin da suka sa, ta raba da yawansu. Masu tallar kuwa su biyu ne rak a duk duniya. Na buɗe hoton na farko, sai ga littafi kwance a kan mayafin tebur mai furanni, da ƙunar dutsen guga a gefe.

"Wannan ƙunar ni na yi ta," na ce.

Ya sosa ƙeya. "Ba sayarwa zan yi ba. Na sa ne don a san ina da shi. In ɗayan ya ƙara kuɗi sai in ɗara shi kaɗan, kada wani ya saye nawa."

"Shi kuma in ka ɗara shi?"

"Sai ya ƙara."

"Sai layi ya hau, sai ka yi murna. Malam, kare ne ke bin wutsiyarsa."

"A'a! Wancan babban dillali ne na ƙetare. Ya san kasuwa. Zai sa kuɗi haka kawai?"

Na ce to ya cire tallarsa na yini ɗaya mu ga abin da babban dillali zai yi. Ya yarda, ya danna. Nan take na gane na taka sawun ɓarawo. A ranar kuɗin wancan ya fi namu, kuma duk ɗalibin da na koyar ya san in ka cire ƙaramar lamba, matsakaici sama yake yi. Koren layi ya yi tsalle. Maigida ya miƙe har yana zubar da shayi.

"Mota! Ƙarama ce, ta hannu ce, amma mota ce! Malama, makulli!"

Kafin hantsi ya jawo kwalaye ya jera su a baranda, yana waƙa. Ni ina zaune a kujerata na riƙe hannuwanta biyu, ina tunanin yadda malamar lissafi za ta rasa ɗaki a kan lissafin 'yan firamare.

Sai muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Mai Kemis ya faɗo ko sallamar kirki babu, hula a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

"Lafiya? Zuciyar ce?" in ji maigida.

"Wace zuciya! Abokina, yau asiri zai tonu, don ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba." Ya zaro wani abu cikin leda daga ƙarƙashin rigarsa. Direba ne da aku. "Akwai wani babban dillali na ƙetare da muke ja da shi. Da safen nan tallarsa ta ɓace. An saye nasa! Saura nawa kaɗai a duniya!"

Maigida ya dube shi, ya dubi ledar. "Ba wannan ne aka hura wuta da shi ba?"

"To, kusan a hura."

Na tashi na ɗauko mayafin tebur mai ƙunar dutsen guga na shimfiɗa a gabansu. Mai Kemis ya ƙura wa ƙunar da ya saba gani a hoton tallar ido, bakinsa ya buɗe a hankali.

"Kai ne dillalin?"

"Kai ne na ƙetare? Ƙetaren kwalbati?"

"Ashe garar gidanku ba ta da haƙori!"

"Da na ba ka aro da yanzu kana tallar biyu!"

Suka yi ta yi har suka gaji, sannan dariya ta kwashe su, Mai Kemis na share hawaye da gefen hula. Da numfashi ya dawo, maigida ya gyara murya.

"Duk da haka, Malama, layi ya kai mota. Alkawari kaya ne."

"Gaskiya ne. Mai Kemis, kai ne kasuwa yanzu. Za ka sayi nasa a kuɗin mota?"

"Ni? Ko kuɗin tayar keke ban bayarwa. Ina da nawa."

"Malam, kai za ka sayi nasa?"

Maigida ya kau da kai. Mai Kemis ya ciro wayarsa ya cire tasa tallar. Muka leƙa gaba ɗaya. Koren layin ya ɓace, manhajar ta rubuta cewa ba ta da bayani a kan wannan littafi. Na ce wannan ce magana mafi hankali da ta yi tun zuwanta gidan nan.

Maigida ya sunkuya zai mayar da kwalayen, na ga yadda ya dafe ƙugu, na kuma ga gindin kwali ɗaya ya yi baƙi. A batun danshi dai yana da gaskiya. Na ba shi kantar ƙasa a busasshen bangon ɗakina, bisa sharaɗin makulli yana hannuna, kuma a cire aku daga leda in karanta.

Na karanta shi da yamma a bakin taga, su biyu suna falo suna gardamar wanda ya fara yi wa wani ƙarya. Labarin ba laifi. Akun ba ya faɗin komai sai abin da ya ji direban ya faɗa jiya, direban kuma kullum sai ya buga cinya ya ce bai taɓa ganin tsuntsu mai basira irinsa ba.