Ranki Ya Daɗe, a Mayar da Ni

Ranar da aka sallami Odell Pruitt daga ɗaurin talala, 'yan cocinsu sun soya tarwaɗa har hayaƙi ya rufe layin. Shekara uku aka yanka masa kan wani faɗa da ya yi a mashaya, amma bawan Allahn nan ya bi doka sau da ƙafa. Bai taɓa fashin zuwa wurin jami'ar da ke sa masa ido ba, giya kuwa ko warinta. Da ya ci rabin wa'adi, fasto ya kwashi dattawan coci, kowa ya ɗaura lakataye, suka je suka roƙi alƙaliya ta sake shi da wuri, kamar yadda suka saba yi wa duk ɗansu da ya shiryu. Ta sake shi. A cikin masu tafi da kukan murna, ko mutum ɗaya bai tuna da tarar da aka haɗa masa da ɗaurin ba.

Gwamnati dai ba ta manta ba. Tarar ta fi ƙarfin mai wanke kwanuka a gidan abinci, kuma muddin ba a biya ba, lasisin tuƙinsa yana riƙe. Ga shi kamfanin kajin da ya taɓa ja wa babbar mota ya ce ya dawo, amma ya zo da lasisi kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ba wani.

Ƙanwarsa Renita ce ta kai shi kotu a motarta.

"Yaya, bar goge takalmin nan haka, ba neman aure za ka ba."

"Ke dai ja mota. Matar nan ta san ni. Da bakinta ta ce ni abin koyi ne."

"Abin koyin da ƙanwarsa ke saya wa sabulu."

Alƙaliyar ta gane shi kuwa, har da murmushi. Ya karanta mata damuwarsa, ya roƙi a yafe masa tarar. Murmushin ya ɓace.

"Mista Pruitt, lokacin da kake talala kana hannuna," in ji ta. "Da a lokacin ka ce ba ka da hali, da na yafe, ko in mayar maka da ita sharar titi. Ranar da na sallame ka shari'arka ta rufe. Yanzu bashin jiha ne, hannuna ba ya kaiwa."

Odell ya yi lissafi a ransa. Da dattawan nan sun zauna a gida, da yau da sauran wa'adinsa, da yana hannunta.

"Ranki ya daɗe, to a mayar da ni. Wallahi zan zo sa hannu kullum. A gwada fitsarina safe da yamma a ga ko na sha wani abu, ban damu ba."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya. Alƙaliyar ba ta yi ba.

"Ba ni da ikon ɗaure wanda bai yi laifi ba. Kai yanzu ɗan ƙasa ne mai cikakken 'yanci. A kira na gaba."

A wajen ajiye motoci Renita tana share hawaye tana laluben jaka. Da ta ciro makulli, Odell ya miƙa mata hannu.

"Ba ni."

"Ba ka da lasisi, Yaya."

"Na sani."

"Ka haukace ne? Ga 'yan sanda can a bakin ƙofa. Sabuwar tara za su ɗora maka a kan tsohuwa, shi ke nan!"

"Ai kin ji ta da kunnenki. Sai da laifi hannunta ke kaiwa gare ni."

Ya zare makullin daga yatsunta, ya shiga, ya gyara madubi kamar yadda ya saba a babbar mota. Sannan ya sauke gilashi don su gan shi da kyau, ya nufi ƙofar a hankali.